Mun Yi Hira da Ɗan Rakiya

Banifandu, Yamai

Abbana,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka ka sauka Tawa lafiya, gajiyar hanya ta bi jiki, ya haɗa ka da maƙwabta na kirki da mai gidan haya mai haƙuri. Allah ya tsare ka daga sharrin da kake gani da wanda ba ka gani. Na cusa ta ƙarƙashin rigunanka ne don na san halinka, sai ka kwana biyu kafin ka kwance kaya, kuma ina so ka karanta ta lokacin da ba na kusa balle ka yi mini gardama.

Labarin gida ba ya cikinta, wannan aikin waya ne. Magana ɗaya ce. Ranar walimar sallamarka kawunka ya tambaye ka me za ka koya wa ɗaliban shari'a a can. Ka ce yadda ake zama da mai neman lauya, a ji damuwarsa, a ba shi shawara. Sannan ka dube ni ka ce, "Yadda Mama ta koya mana, haka zan koya musu." Kowa ya ce madalla. Ni ma na yi murmushi, don ba a ƙaryata ɗa a gaban baƙi. To yanzu baƙi sun watse, abin da nake roƙonka shi ne kada ka yi haka.

Ka san na yi shekaru ina ɗauko wa jarida labarin jastis, wato kotu, kafin in koma karatu in zama lauya. Da lakwal, makarantarmu ta shari'a, ta ba ni darasin hira da kiliyan, wato mai neman lauya, na ɗauka babu wanda ya fi ni cancanta, tunda tambaya ce tsohuwar sana'ata. Abin da ban lura da shi ba, ɗan jarida yana shiga hira da labarinsa kusan a rubuce cikin kansa. Jimla ɗaya yake farauta, da ya same ta sai ya rufe alƙalami. Kuma ɗan jarida yana son mai baki. Cikin taro, wanda ya iya magana ake miƙa wa makirfo, sauran kuwa ado ne na hoto. Wannan halin na kwaso na shiga aji da shi, na raɗa masa suna mai daɗi, wai saurin gano matsala.

Ka tuna yadda muke yi. Tebur da kujera biyu a gaban aji, ɗalibi ɗaya lauya, ɗaya kiliyan. In ba kiliyan ɗin labarinsa a rubuce, ya haddace, ya zauna ya zuba shi da Faransanci mai tsabta daga farko har ƙarshe. Ni ina gefe ina duba agogo. Wanda ya gano dokar da ta shafi maganar kafin lokaci ya cika, shi ke da maki. Duk tsawon aikina a garin nan ban taɓa karɓar kiliyan irin wannan ba. Namu yana faro labari daga tsakiya, ya koma kan kakansa, ya ratsa ta wata rashin lafiya, abin da ya kawo shi kuma sai ya miƙe zai fita yake faɗa. Sannan namu ba ya zuwa shi kaɗai. Zuwa gaban mai takarda ba rakiya, a wurin mutanenmu kamar a ce ba ka da kowa ne. Sai an samo wani ɗa ko maƙwabci da ya taka lakwal ya shige gaba. Na san wannan sarai, amma ban taɓa ajiye kujera ta uku a ajina ba.

Kai ka ajiye ta tun ranar farko. Kada ɗalibanka su riƙa yi wa juna kiliyan, don ɗalibi ya san amsar da ake nema, zai miƙa wa abokinsa ita. Ka nemo mutanen waje, ka sallame su da abin kirki: mai sayar da abinci a ƙofar lakwal, tsohon direba, duk wanda ya yarda. Su zo biyu biyu, su yi magana da harshen da suke faɗa da shi a gida, ɗaya ya yi ta cika ɗaki da bayani, ɗaya ya yi shiru. Kai kuma ka bar agogo, ka duba idon ɗalibin, ka ga wa yake kallo.

Ga abin da ya sa nake faɗa maka haka. Lakwal ɗinmu tana da ɗakin ba da shawara kyauta, ka san shi, inda ƴan shekarar ƙarshe ke karɓar mutanen gari ni ina zaune a baya. Wannan ya faru kana ƙaramar sakandare. Ɗalibar da ke kan tebur ranar ita ce Nafisa, wadda ban taɓa samun mai kaifin kai kamarta ba kafin kai. Mutum biyu suka shigo. Na baya tsoho ne siriri mai farin gemu, hannuwansa duk sun faffashe irin na masu lambu. Sunansa Baba Hamani, daga Tondibiya. Na gaba saurayi ne da riga a goge da takardu cikin leda, ɗan ƙanwar tsohon, ana ce masa Ide. Shi ya ja kujerar da ke fuskantar Nafisa, tsohon ya zauna a wadda ke jikin bango.

"Bonjur, Metir," in ji Ide. "Wannan kawuna ne. Ba ya jin komai sai Zabarmanci, ni zan yi bayani."

Nafisa ba ta zama Metir ba tukuna, wato cikakkiyar lauya, na ga sunan ya yi mata daɗi. Iyayenta ƴan Damagaram ne, Zabarmancinta bai wuce na cinikin tumatir ba. Nawa ma haka, duk da daɗewata a Yamai, kuma wannan ba abin alfahari ba ne.

Ide ya iya bayani. Ya ce akwai lambu a bakin kogi da Baba Hamani da ƙanensa Seyni suka gada wurin mahaifinsu, ba a taɓa rabawa ba. Seyni da ƴaƴansa sun riƙe duka suna ci, tsoho ba ya ganin komai. An je gaban mai gari ba a daidaita ba, ga takardar. Me doka ta ce?

Nafisa ta yi masa tambayoyin da na koya mata, a jere, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce magaji yana da haƙƙin neman a raba a ba shi nasa, kuma in aka shigar da ƙara tana ganin za a ci. Sannan ta ce wa Ide, "Tambaye shi ko ya yarda." Ide ya juya ya jefa wa kawunsa gajeriyar magana. Tsohon ya ba da amsa doguwa, idonsa a ƙasa, yana juya tafin hannunsa, ya tsaya, ya ƙara. Ide ya juyo ya ce, "Ya ce ya yarda."

Na lura, Abba. Kunnen jarida bai mutu ba, na ji doguwar magana ta shiga, gajeriya ta fito. Amma akwai mutane a kan benci a waje suna jira tun safe, ga ɗalibata ta yi aiki mai tsabta, ban so in ɓata mata shi a gaban kiliyan ba. Na ba ta maki mafi yawa a ajin.

In ɗalibinka ya ji amsa ta taƙaice a bakin mai fassara, ya tsaya nan, ya ce a maimaita masa kalma kalma. Ka tanadi mai fassara na ɗakin, wanda ba shi da ko taƙi a gonar da ake magana. Ka koya musu su fara gaida mai matsalar da kansa, da sunansa, su tambayi gida da jiki, ko da an ce musu ba ya ji, don a gaisuwa ake gane wanda ke ji. Kuma ka koya musu fitar da ɗan rakiya ba tare da an ci masa fuska ba, abin da babu littafin da na karanta ya koyar, don masu rubuta littattafan kiliyansu shi kaɗai yake zuwa. A gode masa, a yaba ɗawainiyarsa, a ce al'adar ɗakin ce a ɗan keɓe da kowa, ba don shi aka ƙirƙiro ba, a roƙe shi ya je ya yi fotokofin takardun. Kada su ɗauka kowane ɗan rakiya macuci ne. Yawancinsu su suka biya taksi, suka bar aikinsu. Amma ko na kirkin yana rufe baki. Dattijo ba zai faɗi abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa a gaban yaro ba, mace ba za ta faɗi nata a gaban dangin mijinta ba.

Ni na ɗauki shari'ar da kaina, kyauta, Nafisa tana taya ni haɗa dosiye, wato takardun ƙarar. Duk zaman da muka yi, da Ide muka yi. Aka kai wa Seyni sammaci har gida, a gaban mutanen gari. Ranar zama alƙali ya sa aka tambayi Baba Hamani ko yana son a ba shi rabonsa. Ga ƙanensa can gefe ya ɗaure fuska, ya ƙi ko kallonsa, ga ƴaƴan ƙanen sun cika benci. Ya ce yana so. Me zai ce a lokacin? Aka raba lambun, aka kafa duwatsun iyaka. Lakwal ta sa labarin a rahotonta na shekara, duk baƙon da ya zo ziyara sai an nuna masa Nafisa.

Bayan damina ta wuce, wata rana ina ɗakin ni kaɗai ɗalibai suna jarrabawa, sai ga tsohon a bakin ƙofa, ba Ide. Na fara lalubo ƴan kalmomin Zabarmancina. Ya tsaya yana duban zanen da ke kumatuna, sai ya ce da Hausa, "Ashe Bagobira ce. To shi ya sa. Wa ya ba baiwa kujera ta zauna, ubangidanta yana tsaye?"

Wasan da ke tsakaninmu da Zabarmawa ne, na rama ba tare da na yi tunani ba. Na ce, "Yaushe Bazabarme ya samu takalmi har yake neman kujera?" Ya yi dariya, ya zauna. Sai a lokacin abin ya dawo mini.

Na ce, "Baba, ashe kana jin Hausa?"

"Tun ba a haife ki ba nake sayar da salati a kasuwa. Da wane baki nake cutar Hausawa?"

"To me ya hana ka magana ranar?"

"Wa ya gaishe ni? Yaro kuka gaisar. Kuma ya riga ya ce ba na ji. In tashi in ce ɗan ƙanwata ya yi ƙarya, a ɗakin mutane?"

Sannan ya ba ni labarin, ta hanyarsa, daga tsakiya. Ƴaƴansa duka mata ne, sun yi aure. Tun da ƙarfinsa ya ragu, ƴaƴan Seyni ke noma lambun gaba ɗaya suna kawo masa nasa. Ya yi jinya mai tsawo, abin da ake kawowa ya ragu, wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ya ci masa rai, Seyni bai tako ya duba shi ba, sai aike. Da ya warke ya yi fushi, ya kai ƙara gaban mai gari, aka yi musayar baƙar magana, aka tashi. Ide ya ce masa akwai masu takarda a birni da ke taimakon talaka. Shi a tunaninsa za mu kira Seyni mu yi masa faɗa irin na manya, ya ji kunya, ya zo ya durƙusa, a wuce wurin.

Na tambaye shi me ya faɗa ranar a doguwar amsar nan. Ya ce, "Cewa na yi a kira shi a ja masa kunne, amma kada a kai shi gaban alƙali. Nono ɗaya muka sha."

Tun da aka kafa duwatsun, ƴaƴan Seyni suka janye tiyon injin ban ruwa daidai iyaka. Ba su yi laifi ba, hukunci ya ce kowa da nasa. Rabin Baba Hamani ya bushe yana kallo. Seyni ya sauya masallaci. Ide kuma ya fara zuwa da wani Alhaji mai son gina wurin shan iska a bakin kogi, ya ce ƙasa mai takardar jastis ta fi daraja. Ko tun farko da wannan niyyar Ide ya kawo shi, ban sani ba, ba ni da hujja, ba kuma zan ɗora masa abin da ban tabbatar ba.

Tsohon ya ciro hukuncin daga aljihu, a naɗe cikin leda, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ƴar Gobir, abin da ya kawo ni, ko za ki mayar wa alƙali takardarsa? Ki ce na gode, ba na so."

Na yi masa bayani cewa lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, kuma shi ne ma ya ci, ba a ɗaukaka ƙara a kan nasara. Na ce in Seyni ya yarda suna iya sake haɗa gonar da kansu. Ya ce, "Seyni da ba ya amsa sallamata?" Na yi magana a hankali, na bar shi ya gama kowace jimla, na tabbatar ya gane. Ita ce hira mafi kyau da na taɓa yi da kiliyan, kuma ba ta amfane shi da komai ba. Daga baya ya sayar, ya koma gidan ƴarsa a nan Banifandu, can ya rasu. An ce mini Seyni ya zo jana'iza ya tsaya a sahun baya. Mutum ɗaya ne ya faɗa mini, don haka ka ɗauke shi a matsayin an ce.

Abin da Nafisa ta faɗa a kan doka daidai ne. Kuskurenmu shi ne mun faɗa wa mutum zai ci, ba mu tambaye shi me yake so ya faru ba. Ka hana ɗalibanka buɗe bakin doka sai kiliyan ya amsa wannan tambayar da bakinsa, kuma sun maimaita masa abin da suka ji ya ce haka ne. In za su ba da shawara, su shimfiɗa masa hanyoyin duka, har da komawa wurin dattawa, har da haƙura. Kowace hanya su faɗi abin da za ta ci, ba kuɗi kaɗai ba: wa zai daina gaishe ka, wa zai ɗebo maka ruwa, ina za ka yi sallah. A garuruwanmu sammaci ba takarda ba ce kawai, in ya shiga gida ya shiga ke nan. Su bar mutum ya koma ya kwana da maganar, ya dawo, in da hali shi kaɗai. Kuma ka sa wannan cikin maki, don ɗalibi ba ya koyon abin da ba a ba shi maki.

Na san haka ne don na gwada. Na je wurin darektan lakwal na ce ina so in rushe darasin in sake gina shi: mutanen waje, harsunan gida, mai fassara, ɗalibai kaɗan a kowane zama. Ya saurare ni da ladabi. Ya ce tsarin an sa masa hannu da masu ba da tallafi, awoyi a ƙidaye suke, abin da suke so su gani a rahoto shi ne yawan mutanen da aka karɓa da yawan shari'ar da aka ci. Sannan ya yi dariya ya ce, "Madam, kin ci shari'a kuma kina makoki? Da kin faɗi fa?" Ya ƙara da cewa in darasin ya gundure ni, akwai matasa da yawa masu neman sa.

Lokacin babanku bai daɗe da rasuwa ba, ku huɗu kuna karatu. Na koma aji na ajiye kujera biyu. Abin da na ƙara kawai jimla ɗaya ce a ƙarshen darasi, cewa a kula da ɗan rakiya. Ba ta fitowa a jarrabawa, ban taɓa ganin wanda ya rubuta ta ba. Na taɓa ba Nafisa labarin dawowar tsohon. Yanzu tana da babban kabine, ofishinta na lauya, a unguwar Kwara Kano, duk sallah sai ta aiko mini da turmi. Ta saurara, ta ce, "Mama, doka ce ta raba musu, ba mu ba." Har yau tana ba yaran da ke koyon aiki wurinta labarin shari'arta ta farko.

A cikin waɗannan shekarun kai ma ka shigo ajina. Na zauna a gefe da agogona ina kallon ka kana katse abokinka a tsakiyar jimla don ka riga ka gano dokar. Na san abin da nake gani. Na ba ka makin da tsarin ya ce a ba ka, kuma ka cancance shi, ka zo gida da murna, na dafa maka abin da kake so. Wannan makin yana cikin abin da ya sa suka ɗauke ka aiki a Tawa.

Can ma za su miƙa maka tsari a rubuce, mai yiwuwa irin namu ne kalma kalma, don daga tushe ɗaya suke fitowa. Za ka samu shugaba mai ladabi da zai saurare ka har ƙarshe. Kai sabo ne, ba a tabbatar da kai ba, ga maganar aurenka a gaba. Mutanen Adar, ƙasar da Tawa take, kuma za su zo muku daga ƙauyuka da rigimar gona da rijiya da burtali, kowa da mai rakiyarsa a gaba, ɗalibanka za su kalli wanda ka koya musu kallo. Ba zan ce maka in ka tsaya a kan gaskiya ba abin da zai same ka ba. Ana iya karɓe darasin a ba wani, na ga an yi wa waɗanda suka fi ka. Ba ni kuma da bakin da zan ce ka yi abin da ni na kasa. Na dai faɗa maka abin da ke cikin kayan da na ɗora maka, don kada ka sauke su a kan yaran mutane kana zaton alheri ne.

In ka gwada aka hana ka, ka faɗa mini, ƙofar gidan nan a buɗe take, tuwo ba zai gagara ba. In kuma ka duba ka zaɓi albashinka, kai ɗana ne, ba abin da zai ragu. Sai dai kada ka rubuto mini dalilai. Na san su duka, ni na riga ka faɗar su.

Allah ya kiyaye fitarka da shigarka, ya raba ka da sharrin hanya da na mutum, ya ba ka lafiya da kunnen da ya fi nawa haƙuri. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya jiƙan Baba Hamani, ya yafe mana. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Wassalam.

Mahaifiyarka